Fuskar da Dada Ta Sani

Duk abin da tsufa zai kwashe daga kaina ya kwashe, amma ban da wannan. Yanzu haka sai in yi ta neman tabarauna alhali yana maƙale a goshina, jikoki suna yi mini dariya. Amma abin da ya faru tsakanina da mahaifiyata a wata damina, wajen shekarar casa'in da shida, ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Abin haushi kuma, wata 'yar kwalbar man shafawa ce ta jawo shi, wadda ba ta kai gwangwanin tumatir girma ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Jalingo ta cika da baƙin ma'aikata. Ni ina buga tafireta a wata ma'aikata, shekarata arba'in da huɗu, maigidana ya rasu, yarana biyu suna makarantar kwana. A gidanmu na unguwar Turaki daga ni sai mahaifiyata, wadda muke kira Dada. Daga Lau muka ɗauko ta bayan yana ta rufe mata ido duka biyu. A can kuwa babu wanda bai san ta ba, don ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu. Ta fi shekara talatin tana wannan aiki saboda Allah.

Ni ce 'yar farinta. Wanda ya san Fulani ya san abin da nake nufi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba ni a gaban mutane ba, ko ciwo nake yi sai dai ta tambayi wani yaya jikin "waccan". Ƙanwata, autarmu da ke aure a Mayo Gwoi, ita ce 'yar gaban goshi, sunanta sau goma a rana. Ni kuwa "ke" ce. Na san kunya ce, na san al'ada ce, amma kada in yi muku ƙarya, abin yana ci mini rai har na girma.

Bayan ta makance sai ta ɓullo da wata ɗabi'a. Kullum bayan sallar asuba nakan dama mata kunun gyaɗa, in shiga ɗakinta in durƙusa in gaishe ta. Sai ta miƙo hannu ta ce, "Wace ce? Muryarku ɗaya ke da ƙanwarki." Sannan ta bi fuskata da yatsu a hankali: goshi, da wasu layuka biyu da nake da su tsakanin gira, da kumatu, har haɓa. In ta gama sai ta janye hannu ta ce, "To, ke ce. Ajiye." Ni kuwa in yi ta gunaguni a zuci. Mu biyu ne rak a gidan, wa zai kawo mata kunu da asuba in ba ni ba? Na ɗauke shi rigimar tsufa, kuma sau da yawa ina ƙagara ta gama don kada in makara ofis.

Abin ya faro ne daga hoton katin shaida. An ce kowane ma'aikaci ya sake hoto, mai hoto ya zo har ofis. Ranar da aka raba katunan na karɓi nawa na duba. Wallahi Dada na gani. Tamoji ya cika goshi, layukan nan biyu sun yi zurfi kamar an yi mini tsaga, gefen baki ya zubo. Ga 'yan matan da aka kawo daga Yola suna ta nuna wa juna nasu suna shewa. Ɗaya ta leƙo nawa ta ce, "Kai, Mama, kin yi kyau, kamar kakata." Da zuciya ɗaya ta faɗa, baiwar Allah, amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Teburin da ke kusa da nawa na wata abokiyar aikina ce, 'yar ƙabilar Mumuye, Kirista, sa'ata a shekaru amma fatarta sumul. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya ko da yake lokacin ban je Makka ba. Ita ta lura da ni. Washegari ta zo mini da 'yar kwalba fara a cikin jaka, ta ce yayarta da ke aikin jinya a Turai ce ke aiko mata. Wai man dare ne, a cikinsa akwai wani abu da ake kira retinol, yana gyara fata ta yi santsi ta ɗaure. Ita Hausarta irin ta garinmu ce, kowa "ka" ne a bakinta, mace ko namiji.

Ta ce, "Hajiya, wannan abu ba wasa ba ne fa. Da dare kawai za ka shafa. Ƙarami, kamar wake ɗaya. Sau biyu a sati, ba kullum ba. Kuma da rana ka gudu rana, ka riƙe lema. Sai ya yi wata uku kafin ka gani."

Na ce to. Amma "to" ɗin baki ne. Ni tun ina yarinya akwai ni da gaggawa, ko tuwo nake tuƙawa sai na ƙone hannu. Wata uku? Na ce a raina, ai wannan ƙa'idar Turawa ce, su da fatarsu ba ta da ƙwari. In ƙwayar wake ɗaya za ta yi aiki a wata uku, cikin cokali zai yi a sati biyu. Haka na riƙa laftawa kowane dare bayan isha'i, daga baya ma na ƙara da na asuba. Lema kuwa ko sau ɗaya ban riƙe ba, a ƙafa nake tafiya ofis in dawo cikin rana.

Ga wata wautar kuma. Kunya nake ji a ce gwauruwa mai manyan 'ya'ya tana shafa maganin tsufa, don haka na ɓoye kwalbar a ƙasan akwatin ƙarfena, cikin zannuwan da na zuba wa kafur saboda asu. Makauniya ce kaɗai a gidan, wa zai gani? Amma na ɓoye. Duk lokacin da na zura hannu na ɗauko, hannun da kwalbar sai su fito suna ƙamshin kafur, ni kuma har na saba ban ƙara jinsa ba.

Kwana biyar na farko na ji daɗi. Fuska ta fara sheƙi, tana ɗan zafi kamar an shafa barkono, na ce aiki ne yake yi. Na lura Dada tana daɗewa a kan goshina fiye da da, tana ɗan jan hanci. Wajen kwana na goma na tashi na ji fuskar ta yi nauyi. Na ɗaga fitila na duba madubi: ta kumbura ta ɗaure tamau, babu tamoji ko ɗaya, layukan nan biyu sun ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Maimakon in tsorata, murna na yi! An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Na yi alwala da ruwan randa mai sanyin gaske, na yi salla, na ƙara shafa man, na ɗauki kunu na shiga wurinta.

Na gaishe ta, ta miƙo hannu kamar kullum. Yatsunta suna sauka a goshina suka tsaya cak. Ta koma tsakanin gira ta laluba, ta sake lalubawa. Ta matso da hancinta kusa da ni ta shaƙa. Sai ta yi wani abu da har yau in na tuna tsigar jikina sai ta tashi. Ta sa babban yatsa ta shafo fatar idona ƙasa, ta rufe mini ido, na dama sannan na hagu. Ta tallafo haɓata da tafin hannu ta haɗe mini baki. A hankali ta yi, da ƙwarewa, irin ta wadda ta yi wa mata da yawa haka.

Da Fillanci ta yi maganar, amma ga abin da ta ce: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya wanke ki? Sun cika kafur."

Na buɗe ido na ce, "Dada, ni ce fa! Mai ne na shafa."

Ta ja da baya har ta jingina da bango. Ta ce, "Murya abin aro ce. Na san wannan fatar. Fuska ba ta sakin tamoji sai ranar da rai ya fita. Allah ya jiƙan ki, koma inda aka ajiye ki, ba ki da sauran rabo a nan."

Na yi rantsuwa, na yi faɗa, na yi magiya. Na kamo hannunta zan ɗora a ƙirjina ta ji bugun zuciya, ta fizge ta fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Kunun nan haka ya huce a gabanta. Maganin hawan jininta ma ta ƙi karɓa. Ta ce ba a cin abin hannun wanda ya riga ya tafi.

Ban je ofis ba ranar. Na hau acaɓa na rufe fuska da gyale na tafi Mayo Gwoi na ɗauko ƙanwata. Ita ma da ta gan ni sai da ta dafe ƙirji. Muna shiga Dada ta kama ta tana tambaya, "Yaushe ta rasu? Me ya sa kuka ɓoye mini? Don na makance shi ne ba za a bar ni in wanke ta da hannuna ba?" Ƙanwata ta ce ga ni nan tsaye da raina. Dada ta ce, "Na san tana nan. Ina jin ƙamshinta. Ba ta saba da can ba ne tukuna." Muka kira liman na unguwa ya yi mata bayani, ta saurare shi da ladabi, da ya fita ta ce malam mutumin kirki ne, amma bai taɓa wanke mace ba.

Madam ta zo duba ni da yamma. Tana ganina ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Hajiya, ka sha shi ne ko ka shafa?" Ta buɗe kwalbar ta ga saura kaɗan a ƙasa, abin da ita take wata shida da shi. Ita ta ja ni asibiti. Likita ya ce na ƙone fatar ne da yawan man da kuma rana, in daina, in riƙa shafa man kaɗe, in zauna a inuwa, za ta koma yadda take amma sai a hankali. Na tambaye shi kwana nawa, ya ce sati biyu, ko uku, ko fiye. Dada kuwa shekararta ta haura saba'in, kuma ta daina cin abinci sai ɗan abin da ƙanwata ta lallashe ta ta kurɓa. Garin neman gira ina shirin rasa ido.

Waɗannan kwanaki ban taɓa ganin irinsu ba. Ƙanwata ta tare a gidan. Ni na koma kamar inuwa a cikin gidana, ina tafiya da sanɗa, ba na tari, ba na buɗe akwati. Duk da haka in na gifta ta ƙofar ɗakin sai in ji Dada ta ce, "Ga ta nan ta wuce," ta hau salati. Fatar fuskata ta fara saɓa, tana zubowa fari-fari a kan matashi. Na juya madubin ya kalli bango don abin da nake gani a ciki ba ni ba ce. Har akwai wata la'asar da nake zaune ni kaɗai a tsakar gida, gari ya yi tsit, hadari ya haɗu, sai wani tunani ya zo mini: to in ita ce mai gaskiya fa? Matar da ta san gawa fiye da kowa ta taɓa ni ta ce na mutu. Sai da na mintsini cinyata, na tashi na leƙa waje na gaishe da mai sayar da itace don in ji ko zai amsa.

Ranar kwana uku Dada ta ce sai an yi sadaka, in ba haka ba ba za ta sa komai a baki ba. Muka rasa yadda za mu yi. Ƙanwata ta soya waina ta rarraba wa maƙwabta, ta ce musu sadaka ce kawai. Ta kawo mini guda biyar a faranti tana dariya tana hawaye, ta ce, "Adda, ci, taki ce." Na ci wainar sadakar ukuna.

Da yammacin ranar ne na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba. Ina zaune a bayan tagar ɗakinta ina tsince shinkafa, ita tana ciki da ƙanwata. Ta fara magana a hankali kamar mai ba da labari. Ta faɗi ranar da ta haife ni a Lau, ana ruwa, kogi ya cika. Ta ce da aka kai ni wurin kakata goyo, takan zagaya ta bayan danga ta tsaya don kawai ta ji kukana. Ta ce ranar da na ci jarrabawa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi rawa ita kaɗai. Ta ce, "Ban taɓa gaya mata ba. Na ce akwai lokaci. Na yafe mata duniya da lahira, ko da yake ba ta taɓa yi mini komai ba."

Sai ta ɗaga murya ta kira sunana.

Sau uku ta kira, da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaron da ya ɓace a kasuwa. Shekara arba'in da huɗu ina jiran in ji sunan nan a bakinta, ga shi na ji, kuma ba ni da damar amsawa. In na amsa, fatalwa ce ta amsa, tsoro zai iya ƙarasa ta. Na cusa gyale a baki na yi kuka har shinkafar ta jiƙe.

Da ƙanwata ta fito na ce mata, cikin kuka, duk wannan bala'in ya zo ne don muryarmu ɗaya, da ba sai ta shafa fuska ba. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Wace fuska? Ni tun da ta makance ba ta taɓa shafa fuskata ba. Ina sallama take gane ni." Ashe ba tantancewa take yi ba. Ashe hanya ce ta samu, bayan shekaru arba'in na kunya, ta taɓa 'yar farinta kowace safiya ba tare da an ce ta yi rashin ta ido ba. Ni kuma ina ƙagara ta gama don kada in makara.

Daga ranar na koma roƙon abin da na kashe kaina wajen kora. Kowace safiya sai in juyo madubin in duba ko tamoji ya dawo. Ban taɓa jin macen da ta yi addu'ar Allah ya maido mata da tsufanta ba sai ni. Dada kuwa tana ta ramewa, muryarta tana ƙanƙancewa. Kumburin ya sauka a hankali, sabuwar fata ta fito, ga rashin barci ga kuka, sai layukan suka dawo har da ƙari. Na wanke zannuwana duka na shanya, na zubar da kafur ɗin, na mayar wa Madam kwalbarta.

Ranar kwana goma sha tara na dama kunu da asuba. Na shafa man shanu irin wanda Dada take shafa mana muna yara, na tsaya kusa da murhu har fuskata ta yi ɗumi. Na shiga na durƙusa, ban ce uffan ba. Ƙanwata ta kamo hannunta ta ɗora a goshina. Dada ta so ta janye, sai yatsanta ya faɗa cikin layukan nan biyu. Ta tsaya. Ta bi na farko daga sama har ƙasa, ta bi na biyu. Ta shafa kumatu, ta shafa gefen baki, ta dawo goshi. Ta daɗe, ta daɗe ƙwarai, ni kuwa ko numfashin kirki ba na yi. Na ga hawaye yana bin fuskarta. Sai ta janye hannu, ta gyara ɗankwali, ta kau da kai gefe.

Ta ce, "To, ke ce. Ajiye." Can kuma ta ƙara da cewa, "Kunun nan ya yi ruwa."

Ta shanye shi tas. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, kuma ba ta sake kiran sunana ba har ta bar duniya. Amma daga ranar, in ta miƙo hannu da asuba, nakan ajiye kwanon in matsa kusa in bar ta ta gama a tsanake. Sau da yawa na makara ofis, aka yi ta yi mini faɗa, ko a jikina.

Wata bakwai bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Na roƙi matan da suka zo wanka su bar ni in shiga in zuba musu ruwa. Da aka yaye mayafin sai na ga fuskarta. Duk tamojin nan na shekara saba'in da wani abu ya saki. Goshinta sumul, sanyi ƙalau, ga ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Na sa yatsa na bi goshin ina neman layi ɗaya da na sani, ban samu ba. A nan na gane abin da hannunta ya ji a waccan asubar, da irin tashin hankalin da na jefa ta a ciki.

Ban ce man ne mai laifi ba. Madam ta yi ta shafa abinta yadda aka ce, har muka yi ritaya fatarta lafiya lau. Yanzu ma jikokina mata suna zuwa da irinsa kala-kala, ba na hana su, sai dai in ce su bi ƙa'ida, ƙwayar wake ɗaya ake cewa, ba cokali ba. Laifin nawa ne, na gaggawa da na raina abin da Allah ya ba ni. Abin da na koya shi ne fuskar mutum ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai masu ƙaunarsa da suka haddace ta, kuma abin da kake ƙi a jikinka wataƙila da shi wani yake gane ka. In an miƙo maka hannu kuma, ko da ba a faɗi dalili ba, tsaya a gama.

Yau na kai shekarun da Dada take da su a lokacin, layukan nan biyu sun yi zurfin da har ruwan alwala yana kwanciya a ciki. Wata jikata ta ce za ta sayo mini abin da zai goge su. Na ce mata ta bar mini kayana. Da su uwata ta san ni, kuma ina so in mun haɗu ta gane ni.